Kwali ba ya warkar da gyambon ciki

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu a ƙasar nan, masu boko da waɗanda ba su yi ba. Da zarar an ce za a taimaki asibiti, abin da ke faɗo mana a rai shi ne kwali. Ƙaton kwali mai rubutun waje a jikinsa, a sauke shi daga mota gaban hukumomi, a yi jawabi, makaɗa su kaɗa, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, kowa ya rubuta "Allah Ya saka da alheri". Bayan wata shida ba mai tambayar inda kwalin ya kwana. Ni ina cewa wannan tafin da muke yi yana cikin abubuwan da ke cutar da mutanenmu, kuma zan kafa hujjata da abu guda wanda Tasawa da Mayahi ke bukata ƙwarai: ɗakin leƙa ciki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira fibro.

Mi ne ne fibro?

Ga wanda bai taɓa gani ba, wata baƙar igiya ce mai lanƙwasa, kaurinta kamar na ɗan yatsa, wajen milimita 9 zuwa 10, tsawonta ya ɗan ɗara mita ɗaya. A bakinta akwai fitila da ƴar ƙaramar kyamara. Majinyaci ya wayi gari bai ci komi ba, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, ya kwanta ta gefen hagu, a ba shi wata roba ya cije don kada ya tauna igiyar. Likita ya zura ta a hankali, ta bi hanyar abinci, ta sauka tumbi, ta leƙa farkon hanji. Duk abin da ke ciki sai ya fito a allo: gyambo ne, kumburi ne, jijiya ce ta cika da jini tana shirin fashewa, ko tsiro ne. Mafi yawan lokaci minti goma sun isa. A cikin igiyar kuma akwai wata ƴar siririyar kafa da ba ta kai milimita 3 ba, ta nan ake zura ɗan hantsaki a gutsuro nama don bincike, ko a kamo kuɗin ƙarfe da yaro ya haɗiye. Tana da ƴar uwa mai tsawo wadda ake bi da ita ta dubura a duba babban hanji. Ku riƙe zancen wannan ƴar kafa, don a kanta rabin maganata za ta tsaya.

Kada wani ya ce maku sabon abu ne. Tun 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya leƙa tumbin wani mai wasan haɗiye takobi da bututun ƙarfe. A 1957 Basil Hirschowitz ya fito da mai lanƙwasa a Amurka, ya fara gwada ta a kansa. Da ƴan gutsattsarin naman da ake cirowa ta wannan hanya ne Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano, a farkon shekarun 1980, cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke bayan mafi yawan gyambon ciki. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ma'ana, ciwon da kakanninmu da iyayenmu ke fama da shi shekara da shekaru, sau da yawa maganin kamar sati biyu ke kawar da shi, in an san abin da ake magani.

Hanyar mai ciwon ciki

Kowa a cikinmu ya san wannan hanya, don ba gidan da ba a bi ta ba. Mutum a Kanambakashe, ko Urafan, ko Korgom, ya fara jin zafi a ƙahon zuci. Ya sha kanwa. Ya sha jiƙo. Ranar kasuwa ya tsaya wurin mai tallar ƙwayoyi, a ba shi na ciwon jiki, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke haɗiya da damina ciki ba komi don su iya riƙe hauya. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke ƙara cin bangon tumbi. In abin ya yi tsanani ya je CSI, majo ya rubuta masa omeprazole, ya ji sauƙi wata guda, ciwo ya dawo. Ya zo asibitin gunduma. Ranar da aka ga yana ramewa, ko kashinsa ya yi baƙi, sai a ba shi takarda a ce ya tafi Maraɗi ko Damagaram a yi masa fibro.

Daga Tasawa zuwa Maraɗi wajen kilomita 120 ne, zuwa Damagaram ma kusan haka. A takarda ba nisa. Amma ku lissafa da aljihun talaka: kuɗin mota na mutum biyu, don ba a tafiya jinya ba ɗan rakiya, da abinci, da wurin kwana, da kuɗin gwajin, da ranar da za a ce ya dawo. Akuya ta tafi, buhun wake ya bi ta. Da yawa sai su naɗe takardar su sa a aljihu su koma gida, a ce sammu ne. Masu ɗan hali su tsallaka Katsina ko Kano, kuma mun ga a 2023 yadda iyaka ke rufewa a dare ɗaya.

Wannan na mai ciwon da ke ba da lokaci ke nan. Akwai wanda ba ya jira. Nijar na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi wa katutu. In hanta ta ƙandare, jini ya rasa hanya, sai jijiyoyin hanyar abinci su kumbura, ranar da ɗaya ta fashe mutum ya yi ta aman jini kamar an yanka rago. Da fibro ana iya ganin jijiyoyin tun ba su fashe ba, a ɗaure su da ƴan ƙananan robobi. Allurar rigakafin wannan ciwo sai a 2008 ta shiga cikin rigakafin jarirai a ƙasarmu. Ku duba takardar haihuwarku. Mafi yawanmu kamin nan aka haife mu. To wannan ɗaki da nike magana, ba na tsofaffi ba ne kaɗai, namu ne nan da shekara goma sha biyar ko ashirin.

Sai yara. Iyayenmu mata da yawa suna haɗa sabulu da soda don neman na cefane. Ruwan soda a kwano ba shi da bambanci da ruwan sha a idon yaro ɗan shekara biyu. In ya kurɓa, hanyar abincinsa ta ƙone, bayan makonni ta tsuke har kunu ba ya wucewa. Irin wannan yaro yana bukatar a riƙa buɗa masa hanyar a hankali, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wace uwa ce daga Gidan Amumun za ta iya zirga-zirgar birni kowane wata?

Masu cewa ba lokacinmu ba ne

Na san amsar da wasu za su ba ni, don ina jin ta a fada ko wurin shan shayi: haba malam, mu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kwashe yaranmu, mata na mutuwa wurin haihuwa, kai kana zancen kyamarar ciki? Suna da gaskiya a wuri ɗaya. In aka ce a zaɓa tsakanin iskar oksijen da ma'ajiyar jini a gefe guda, da fibro a ɗaya gefen, a fara da oksijen da jini. Ba gardama. Ɗakin fibro ma a kansu yake tsayawa, don mai aman jini sai an ƙara masa jini kamin a leƙa cikinsa.

Amma daga nan hujjarsu ta ƙare. Uban da ciwon ciki ya kwantar da damina, wa zai nome gonarsa? Yaron da ke kwance a sashen tamowa, sau nawa ne labarinsa ya faro daga uwa ko uba da ciwo ya cinye? Lafiyar manya ita ce rumbun yara. Kuma ba wanda ya ce a kai fibro kowace CSI. A ƙidayar 2012, gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura mutum dubu 500. A haɗe sun wuce miliyan ɗaya tun lokacin, a ƙasar da jama'a ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Neman ɗaki guda ga wannan taron jama'a ba kwaɗayi ba ne. Da an bi ta masu cewa "ba lokacinmu ba ne", da har yau ba a yi wa mace tiyatar haihuwa a asibitin gunduma.

Masu kwali

Rigimata ta fi girma da ɗaya ɓangaren, masu kyakkyawar niyya: ɗan siyasa mai neman suna, ƙungiyar ƴan asalin gari mazauna waje, ɗan kasuwa mai neman lada, da mu ɗalibai masu tafa masu. Su a ganinsu ɗakin fibro shi ne na'urar. A sayo, a kawo, shi ke nan.

A 2011 wasu masu bincike biyu na jami'ar Duke a Amurka, Perry da Malkin, suka tattara lissafin kayan asibiti sama da dubu 100 a ƙasashe 16 masu tasowa. Suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki. Dalilan ba boyayyu ba ne: ba wanda aka koya wa, ba kayan gyara, ba abin da na'urar ke ci. Duk wanda ya yi sitaj a asibiti ya san wannan ɗakin na baya, magaza, inda na'urori ke kwance cikin ƙura, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Fibro ta fi sauran saurin shiga wannan maƙabarta. Manyan kamfanonin da ke ƙera ta uku ne, Olympus da Pentax da Fujifilm, duka na Japan, kuma igiyar wannan ba ta shiga akwatin wancan. Mai kyauta ya samo igiya a wani asibitin Turai da ya canza kaya, ya samo akwatin fitila a wani wuri, a haɗa a ga ba su san juna ba. Wata an yi ta don wutar Amurka mai ƙarfin 110, tamu 220 ce, a jona ta ta yi hayaƙi ranar farko. Wata kamfanin ya daina yi mata kayan gyara tun muna firamare. Igiyar kanta ba ta da ƙwari: majinyaci ya cije ta sau ɗaya, ko a maƙale ta da murfin akwati, ruwa ya shiga ciki, ta mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da fitar da ƙa'idojin kyautar kayan asibiti, kuma tushensu shi ne mai karɓa ya faɗi abin da yake bukata da abin da zai iya riƙewa. Mu kuwa kunya ta hana mu. Wai ba a duba haƙoran dokin kyauta ko a tambayi mai alheri. To rigar aro ba ta rufe katara, kuma kyautar da ta zama shara, mu ake bar wa sharar.

Duk da haka, na'urar da ta mutu a magaza ta fi wata sauƙi. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai aiki a ɗakin da ba a shirya ba.

Ku tuna ƴar kafar nan da ba ta kai milimita 3 ba. Jini da majina da ruwan ciki na kowane majinyaci suna bi ta cikinta. Ba a iya dafa fibro a tukunyar turiri kamar almakashin tiyata, zafi na lalata ta. Sai dai wanki da hannu da magani, mataki bayan mataki. In aka tsallake ɗaya, ciwon na farko ya shiga na biyu. A Faransa, a birnin Nancy, likitoci sun wallafa a 1997 yadda mutum biyu suka ɗauki ciwon hanta nau'in C ta igiyar duba hanji da ba a goge kafarta yadda ya kamata ba. A 2015 a wani babban asibitin jami'a a Los Angeles, wata ƙwayar cuta mai ƙin jin magani ta bi ta wata irin igiya mai wuyar wanki, mutum biyu suka rasu, aka nemi kusan 180 don a gwada su. Wannan a inda ruwa da wuta ba sa yankewa ke nan. To ina ga ɗakin da aka ware a gaggauce don bikin buɗewa, da bokiti ɗaya da sabulun gari, a yankin da ciwon hanta ya yi yawa? Mutum ya zo da gyambo ya koma da ciwon da zai kashe shi, kuma ba wanda zai taɓa sani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga wurin wanki ake fara zane

Saboda haka duk wanda zai zana wannan ɗaki, injiniya ne ko likita, ya fara da wurin wanki. Ɗaki ne na kansa, dabam da inda ake duba majinyaci, mai hanya ɗaya: kaya mai dauɗa ya shiga ta nan, mai tsabta ya fita ta can, ba sa gamuwa. Ana bukatar kwamin wanki manya, biyu ko uku, masu faɗin da igiya za ta kwanta ba a tanƙwara ta da ƙarfi ba. Da an zaro igiyar daga bakin majinyaci a goge ta a zuƙa ruwa ta cikinta nan take, kamin dauɗa ta bushe. A kai ta wurin wanki a hura mata iska a cikin ruwa a ga ko ta huje. A wanke da sabulun da aka yi don wannan aiki, a bi kowace kafa da siririn buroshi. A ɗauraye. A jiƙa ta cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda aka fi samu a ƙasashenmu shi ne glutaraldehyde mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wajen minti 20, da agogo, ba da ƙiyasi ba. A sake ɗauraye ta da ruwan da aka tace. A bi kafofin da alkol da iska har su bushe, don damshi gidan ƙwayoyin cuta ne. Sa'an nan a rataye ta a tsaye cikin kabad mai rufi, ba a naɗe ta cikin akwatin da ta zo da shi ba.

Kun ga ke nan abu na farko ruwa ne. Ɗakin na bukatar tankinsa na kansa da matatar ruwa, don ranar da pampo ya ɗauke da bazara aiki ba zai koma ga ruwan ƴan garuwa ba. Na biyu iska: warin glutaraldehyde na ƙona ido, yana jawo asma ga wanda ke shaƙarsa kullum, sai da fanka mai zuƙe iska waje, da safar hannu, da tabarau, da rigar leda. Maganin kansa in an haɗa shi yana da kwanakinsa, ana rubuta rana a jikin mazubin, in ta cika a zubar ko da bai yi dauɗa a ido ba. Na uku ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Mayahi ya san ƙura na shiga har cikin tukunyar da aka rufe. Tagogi su zama masu like, ƙasa da bango masu santsi da za a iya wankewa.

Sai wuta. Kuran ɗin da yankinmu ke sha, babban kasonsa ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa, nan kusa da mu. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kowa ya ɗanɗana. Ko ba rikici, mun san yadda take zuwa tana tafiya a watan Afrilu da Mayu. Ku kwatanta likita na tsakiyar ɗaure jijiya mai zubar jini, igiya na cikin mutum, allo ya yi baƙi. Kamin a tada gurup, in akwai gazuwal, mi ya faru? Ɗakin fibro na bukatar batiran da ke karɓar aiki nan take ba ƙiftawa, da abin daidaita ƙarfin wuta, da faifan sola a kan rufi. Rana dai ba mu roƙe ta wurin kowa ba.

Ɗakin dubawa kansa ba ya son kwalliya, fili yake so. Gado mai taya da za a iya zagayawa ta kowane gefe, ƙofa mai faɗin da gadon zai fita da gudu zuwa bulok in abu ya ɓaci, don haka kada a kai shi can ƙarshen asibiti nesa da ɗakin tiyata. Allo ya fuskanci likita. A kan gadon akwai oksijen, da na'urar zuƙe majina, da ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini, da abin auna hawan jini, da teburin magungunan ceto. Kusa da shi a samu gado biyu ko uku inda wanda aka yi wa allurar barci zai farfaɗo ana kallonsa, kada ya tashi ya hau kabu-kabu yana layi.

Akwai abin da mai zane daga waje ba zai gani ba sai mun faɗa masa: sutura. Mace daga ƙauye ba za ta yarda a duba hanjinta a ɗakin da ƙofarsa ke kallon masu jiran layi ba, mijinta ma ba zai bari ba. Dattijo haka. Sai da wurin canza tufafi mai rufi, da makewayi a manne da ɗakin, don mai gwajin hanji ya sha maganin wanke ciki, da ma'aikaciyar jinya mace kullum a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Ɗakin da ya tozarta mutum ɗaya, labarinsa zai riga shi isa kasuwar Maijirgi, kuma ba mai sake zuwa.

Sauran abu biyu. Naman da aka gutsuro, in ba wanda zai duba shi a madubin bincike, an wahalar da majinyaci a banza. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu a Yamai, kusan kilomita 800 daga Tasawa. Tun kamin buɗewa a san kwalbar formol ɗin da za a sa shi, da motar da za ta ɗauka, da wanda zai karɓa, da wayar da sakamako zai dawo ta kanta. Sai rajista: kowane majinyaci, da lambar igiyar da aka yi masa aiki da ita, da sunan wanda ya wanke. Ranar da matsala ta fito, da wannan littafi kaɗai za a bi sawu. Kuma igiya ɗaya ba ta isa. Wanki mai kyau na cin sama da rabin awa, kuma ranar da aka tura ɗaya gyara, sai ɗayar ta riƙe ɗakin.

Wa zai wanke?

Nan zance ya iso kanmu. A cikinmu kowa lokotoro yake so a kira shi. Ɗan uwa, wanda ke riƙe da rayuwar majinyaci a wannan ɗaki, bayan likita, shi ne wanda ke tsaye gaban kwamin wanki da buroshi a hannu. Mu kuwa mun ɗauki wannan aikin na ƙasƙanci ne, a bar wa lebura ko ɗan sitaj da ba wanda ya koya wa. Haka mai gyara. Muna da Lise Teknik Ɗan Kasawa a Maraɗi, muna da IUT a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo inda ake karatun wutar lantarki da gine-gine, muna da makarantar ma'aikatan lafiya a Damagaram. Mutum nawa ne cikin masu fitowa daga nan suka taɓa tunanin gyaran kayan asibiti sana'a ce ta ran mutane? Yaron da ke buɗe wayar Android a bakin tasha ya canza mata allo, hannunsa ya isa ya koyi kula da akwatin fibro in an ba shi horo da albashi.

Likitan da zai riƙe igiyar ma ba dole sai an jira ƙwararren ciki ya yarda ya bar Yamai ba. Ƙasar nan ta taɓa koya wa likitocin gama-gari tiyatar gaggawa don asibitocin gunduma, kuma mata da yawa sun rayu ta dalilin haka. Ana iya bin wannan sawu, a ƙarƙashin idon ƙwararrun Maraɗi da Damagaram. Amma a koya wa biyu, ba ɗaya ba, da ma'aikatan jinya huɗu. Mun san halin afektasiyo: a horar da mutum yau, gobe takarda ta zo an ɗauke shi, ɗaki ya koma hannun gizo-gizo. Su ma majo na CSI a koya masu wanda za su turo: mai aman jini, mai baƙin kashi, wanda abinci ke tsaya wa, mai rama ba dalili, mai aman da ba ya tsayawa. Ba duk mai ƙwannafi ke bukatar igiya ba, kuma ɗakin da ya koma wurin tatsar kuɗi ya ci amanar jama'a.

Ɗaya mai rai ya fi biyu matattu

Na san abin da zai biyo baya: in an ba Tasawa, Mayahi ta ce ina nata. Wannan kishi ya sha cinye mana ayyuka. Ɗakin da ke duba mutum biyu a sati, maganinsa zai lalace a mazubi, hannun likitansa ya manta aiki, kuɗin shigarsa ba za su sayi ko buroshi ba. A gina ɗaya cikakke. Ni a ganina Tasawa ta fi dacewa, don tana kan babban titin ƙasa mai lamba 1, tsakanin Maraɗi da Damagaram, mai gyara da mai koyarwa da kwalbar bincike duk za su fi saurin zuwa da komawa. Mayahi kuwa a ba ta haƙƙinta a rubuce: ranaku sanannu na majinyatanta, ambilans mai mai a ciki, da lambar waya da za a kama layi kamin mutum ya baro gida. In kuma masana suka auna suka ga ruwa da wutar Mayahi sun fi, a kai can, ni ɗin nan zan fara tafi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a raba kwali biyu don kowa ya samu hoto.

Kuɗin gwajin ma a faɗe shi a fili. A lissafa abin da kowane majinyaci ke ci na magani da sabulu da safar hannu, a ware wani kaso na gyara a asusun da ba a taɓawa, kwamitin COGES ya manna lissafin a bango kowane wata uku inda kowa zai karanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin gyaran igiya ba ranar da ta huje ake fara nemansu ba.

Abin da ya rage namu

Mu ɗalibai mun iya rubuta takardar koke. Mun yi ta kan bursu, mun yi ta kan abinci da motar makaranta. Ƙungiyoyinmu na ƴan Tasawa da na ƴan Mayahi su zauna wuri ɗaya wannan hutun, masu karatun likita da na jinya da na gini da na lantarki, su auna, su zana ɗakin a takarda da lissafinsa, su kai wa hukumomin lafiya na gunduma da ƴan uwanmu mazauna waje masu son taimako. Wanda ke da miliyoyin sayen kyamara, a roƙe shi ya fara da tanki da batir da kuɗin karatun mutum shida. Ba za a yi masa kiɗa a kan tanki ba, amma ladarsa na nan.

Kuma duk ranar da aka gayyace mu bikin sauke kwali, kamin mu tafa, ɗaya daga cikinmu ya miƙe cikin ladabi ya ce: ranka ya daɗe, a ina za a wanke ta? Wa aka koya wa? In wuta ta ɗauke mi zai riƙe ta? In ta lalace wa zai gyara, da kuɗin wa? In an amsa, mu yi tafi har hannu ya yi ja. In an yi shiru, mu rubuta ranar, mu dawo bayan wata shida mu nemi a buɗe mana magaza.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa karatunmu ya amfani waɗanda suka sayar da akuya don mu yi shi.